Keken da Aka Ce Ba Ya Naɗewa

"Riƙe shi na yi, ranki ya daɗe. A hannuna ya cika."

"Da wuƙa ka riƙe shi?" Kofur ya kwaɗa masa mari, har leɓensa ya fashe.

"Ya isa," in ji Sufeto.

Ta durƙusa gaban gawar. Dogo ake ce masa, mai lodin kaya ne, kwance a bayan motar akwatuna, kusa da matakalar jirgin sama. An soke shi a wuya, an kuma farke masa ciki. Jini ya bi kwalta har ƙarƙashin taya. Saurayi ne kyakkyawa, zoben aurensa ko dusashewa bai yi ba. Wanda ake mari, an ɗaure masa hannu, abokin aikinsa ne, kuma kowa ya ji su suna cacar baki da safe.

Direban jirgi ya aiko cewa ba zai ƙara jira ba. In jirgin nan ya tashi, mai fasasshen leɓe ne zai ɗauki laifin.

"Ina wuƙar?" ta tambayi Kofur.

"Haɗiye ta ya yi, ina ji."

"Ma'aikata ma sai an laluba su kafin su shigo nan. To ta ina ta bi?"

Ta sa aka kira matar da ke kan injin duba kaya.

"Yau me ya wuce bai shiga injinki ba?"

"Babu." Ta sunkuyar da kai. "Sai keken tura yara ɗaya, na wata yarinya. Ka'ida a ciro yaro, a naɗe keke, a tura. Uban ya ce nasa ba ya naɗewa, ga yarinya tana barci. Tausayi ya kama ni, na shafa sama-sama na bar su."

Masu ƙananan yara sukan tura keke har gindin matakala. A nan suke barinsa, mai lodi ya kai shi wurin kaya. Kekuna biyu ne a jirgin. Mai na farko uwar tagwaye ce, kuma ma'aikaciyar jirgi ta shaida ita ta fara hawa, Dogo da kansa ya ɗaukar mata jaka. Mai na biyu an kira shi cikin masu yara ya ƙi zuwa, sai da kowa ya shige.

Aka sauko da shi, yarinya 'yar shekara biyu a kafaɗarsa. Aka ajiye kekensa a gabansa, a naɗe tsaf.

"Malam, wa ya naɗe wannan?"

"Mai lodi mana."

"Keken da ba ya naɗewa?"

"Su ai aikinsu ne."

"Kofur, buɗe shi."

Kofur ya ja, ya girgiza, ya zage shi. Ko motsi.

"Yana da makulli a ɓoye," in ji Sufeto. "Sai mai shi. Buɗe mana, Malam."

Bai taɓa shi ba. Sai abokin Dogo ya ɗago kai, ya ƙura wa yarinyar ido.

"Wannan ai 'yar matar Dogo ce. Wannan kuma tsohon mijin uwar ne, wanda ya rantse ba za ta ji daɗin aure ba."

Mutumin ya cilla yarinyar jikin Sufeto, ya kai wa Kofur naushi a maƙogwaro, ya zura da gudu. Masu lodi suka tare shi. Suka kayar da shi, suna tattaka shi da takalman aiki, har sai da Sufeto ta daka musu tsawa.

Ta cire robar da ta toshe bakin mariƙin keken, ta karkata shi. Jini ya ɗigo, sannan siririyar wuƙa ta zamo, ta faɗi a kwalta.

"A nan ta shigo, a nan ta koma," ta ce. "Ya yi ƙarya don keken ya kauce wa inji. Ya jira kowa ya hau don su rage su biyu. Da ya gama, ya mayar da ita, ya naɗe keken da hannunsa, ya jefa cikin kaya. Da jirgi ya tashi, da ya tafi da wuƙar."

Yarinyar ta ƙanƙame wuyanta tana sheshsheka. Idon Sufeto ya ciko. Wani wuri a garin nan akwai matar da ke jiran mijinta ya taso daga aiki.

"Kofur, kwance bawan Allahn nan abokin Dogo, ka ba shi haƙuri. A bar jirgi ya tashi. Yarinyar nan ni zan kai ta wurin uwarta, kuma ni zan faɗa mata da bakina."