Ƙarar da Ta Yi Ƙarya

"Ke kika ce hanya a buɗe take!"

Dogo ne a waya, direban tirela, wanda zan aura.

"Ni? Haba masoyi, yaushe?"

"Ƙarfe biyu! Ƙara ɗaya na ji a rediyo, na hau babban titi. Tankar mai ta kife, ko motsi ba a yi!"

Aikina ke nan a ofishin kula da hanya, ina gaban allon kyamarori ina danna maɓalli. Ƙara ɗaya, hanya lafiya. Ƙara uku, a sauya hanya. Direba ba ya tambaya, kunnensa kawai yake ba ni.

Kuma yau Baba ya ce Dogo ya zo ƙarfe huɗu su gana. Cewarsa direba ba shi da alkawari, in ya makara magana ta mutu.

Ƙarfe biyu ina sallah. Wa na bar wa kujerata?

Na juya. Injiniya, abokin aikina wanda sau biyu ina korar sa da maganar aurensa, yana kurɓar shayi abinsa.

"Kai ka danna?"

"Hannu ne ya zame, ƙanwata..."

"Ƙanwar wa? Tankar tana kan allo tun ɗaya da rabi! Makaho ne kai?"

"Duk a kan direba..."

"Motoci ɗari ka tura inda mai ke malala don ka hana mutum ɗaya zuwa gidanmu! Mugu! Allah ya isa!"

Na danna uku, na buɗe makirfo.

"Direbobi, ku yafe mana. Ƙarar ɗazu ƙarya ce, da gangan aka danna ta."

Oga ya fito a fusace ya dakatar da mu duka daga aiki. Ko a jikina.

Huɗu da rabi na tarar da Baba a ƙofar gida.

"Ban ga direbanki ba."

"Ba za ka gan shi ba, Baba!"

Na zayyane masa komai, hawayen takaici na zuba. Sai ya jawo babur ɗinsa.

"Hau."

Muka yi ta kutsawa tsakanin motoci har gindin tirela. Dogo ya diro, idonsa jajur, ya durƙusa.

"Na makara, Baba."

"Saboda 'yata aka zalunce ka, shi ya sa na zo da kaina. Tashi. Gobe ka turo manyanka."