Ranar Da Sannu-Sannu Ya Yi Sauri

Ranar da Auta ta fara ganinsa, rabinsa kawai ta gani, domin ɗaya rabin yana ƙarƙashin tebur yana lalubar wata waya. Mako biyu ke nan da ɗaukarta aikin rubuta manhaja a kamfanin. Kwamfutarta ta ƙi shiga intanet tun safe, aka ce ta je ɗakin ƙarshe ta nemi Sannu-Sannu, mai girka wa ma'aikata manhaja da gyaran na'urori.

"Malam, kai ne Sannu-Sannu?"

"Haka suke cewa," ya amsa daga ƙasa.

Sai da ya gama ɗaure wayar, ya kaɗe gwiwoyin wandonsa, ya mayar da 'yar sukundirebarsa aljihun gaba, sannan ya ɗago ya dube ta. Ita kuwa tana tsaye tana buga ƙafa, don Auta ba a haife ta da haƙurin jira ba.

Ta buɗe kwamfutar a gabansa. Wani ɗan saƙo ya fito a allo, kafin ya kai ido ta danne shi ya ɓace.

"Me ya ce?"

"Wa?"

"Saƙon."

"Oho. Shirmen da suka saba ne."

Ya yi murmushi, ya sake kiro saƙon, ya karanta shi a fili kalma bayan kalma, kamar mai karanta wa kakarsa wasiƙa. Ashe lambar sirrinta ce ta tsufa, tun safe na'urar ke roƙonta ta sake wata. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Na'ura ba ta ɓoye damuwarta," in ji shi. "Mu ne ba ma tsayawa mu ji."

Ta harare shi, ta kwashi kwamfutarta ta fice. Amma tun daga ranar, kwamfutar nan ta riƙa samun matsala a kai a kai, irin matsalar da ita kanta mai kwamfutar ta san maganinta sarai. Shi ma bai taɓa nuna ya gane ba. Kafin wata uku, duk ofis an san inda aka dosa.

Shi ne ya raɗa mata suna Walƙiya. Da tsakar rana zai rubuto:

"Walƙiya, kin ci abinci kuwa, ko shi ma kin danne shi ya ɓace?"

Ita kuma ta mayar masa:

"Na ci, Sarkin Nawa. Kai fa? Ko har yanzu kana karanta rubutun da ke bayan kwalin shayi?"

Tana son yadda yake saurarenta har ta kai aya, abin da ba ta saba samu ba a gidan da take ƙaramar kowa. Shi kuma yana son yadda tunaninta ke riga bakinta gudu. Suna son juna ƙwarai, kuma ba su ɓoye wa juna ba.

Sai dai akwai Baba.

Baban Auta ya shekara talatin yana riƙe da kantin magani, kuma burinsa shi ne autarsa ta karanci haɗa magunguna ta gaje shi. Ta ƙi, ta bi kwamfuta. Bai hana ta ba, amma bai taɓa kiran abin da take yi aiki ba. "Danne-dannen nan naki," haka yake cewa. Abin yana ci mata rai fiye da yadda take nunawa. Shi ya sa ta kwashe wata huɗu, duk Asabar da Lahadi, tana rubuta masa manhajar da za ta riƙa faɗakar da shi kafin wa'adin kowane magani ya cika, don ya huta da bin kwalaye ɗaya-ɗaya da tabarau a kan hanci.

Akwai kuma Dila, ɗan aminin Baba, mai shagon kwamfutoci a tsallaken titi, wanda turarensa ke riga shi sallama. Shi ne Baba yake so Auta ta aura. Da Umma ta kai masa maganar Sannu-Sannu, cewa kawai ya yi, "Bari in ga aikin hannunsa tukuna."

Aikin hannun ya zo da kansa. A kantin akwai wata tsohuwar kwamfuta da ƙura ta rufe. Sannu-Sannu ya share ta, ya sa mata wani tsari mara nauyi da tsofaffin na'urori ke iya ɗauka, aka sa ranar Asabar da safe a girka manhajar Auta a kai.

Ranar Baba ya sa sabuwar riga. Dila ya tsallako ba wanda ya gayyace shi, ya jingina da kanta. Wata tsohuwa ta shigo sayen maganin hawan jini, ta tambayi abin da ake yi.

"'Yata ce ta rubuta," in ji Baba, yana nuna allon da haɓa. "Da kanta. Ba saye aka yi ba."

Auta ta juya da sauri kamar tana neman wani abu a jaka, don kada a ga idonta. Shekara shida take jiran wannan magana.

Layin da ke nuna ci gaban girkawa a allo ya yi ta tafiya har ya wuce rabi, sai ya tsaya cak. Saƙo ya fito.

Kallo ɗaya Sannu-Sannu ya yi masa ya gane. Manhajar tana neman fayil mai suna "magunguna" da ƙaramin harafi a farko, alhali Auta ta ajiye shi da babban harafi. Kwamfutarta ba ta damu da wannan ba, duk ɗaya take ɗaukar su, shi ya sa wata huɗu komai yana tafiya lafiya a wajenta. Tsarin da ke kan ta kanti kuwa sunaye biyu daban yake gani. Kuma ya san hannun Walƙiyarsa: inda ta yi haka sau ɗaya, ta yi shi a wurare da yawa. Ba gyaran minti biyar ba ne.

Ya dubi Baba da sabuwar rigarsa. Ya dubi Auta. Ya danne saƙon ya ɓace.

"Daga ina matsalar take?" Baba ya tambaya.

"Daga wajena ne, Baba. Tsarin da na sa wa na'urar ne bai karɓa ba."

Dila ya ƙyalƙyale da dariya. "Ai na faɗa, Baba. Da ni aka kira, da yanzu an wuce wurin."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya koma wajen kwalayensa. Da yamma a gida ya yanke magana a gaban Umma: mutumin da aka ba shi abu ɗaya ya kafa bai tsaya ba, ba shi zai miƙa wa 'ya ba.

Auta ta shige ɗaki ta rubuta wa Sannu-Sannu:

"Rana ɗaya na roƙe ka. Rana ɗaya tak. Ka san abin da ranar nan take nufi a wajena, amma ba ka gwada na'urar ba kafin mu zo. Ka kunyata ni, ka kunyata kanka."

Amsarsa gajera ce:

"Ki yi haƙuri, Walƙiya. Ki ba ni kwana uku."

Ranar Talata ya je kantin ya girka, manhajar ta tashi garau. A take ta nuna kwali biyu na maganin tari da saura kwana goma sha ɗaya su lalace. Baba ya sauke su daga kanta, ya yaba wa 'yarsa, amma game da saurayin cewa ya yi wanda ya ɓata ya gyara ba gwaninta ya yi ba. A makon nan kuma Umma ta gaya wa Auta cewa iyayen Dila suna neman a sa musu ranar zuwa.

Kwana tara ba ta leƙa ɗakin ƙarshe ba. Rana ta goma tana wucewa ta hango shi a teburin wani abokin aiki, ya sunkuya yana karanta wani saƙon da bai taka kara ya karya ba, yana bin sa da yatsa, mai teburin har ya fara hamma. Ta yi ɗan murmushin takaici, ta ci gaba da tafiya. Taku uku ta yi ta tsaya.

Tun da ta san mutumin nan, ba ta taɓa ganin ya rufe saƙo bai karanta shi a fili ba. Sai ranar Asabar.

Ta koma teburinta ta buɗe kundin da ke ajiye duk wani canji da aka yi wa manhajar. Ga su nan jere, wuri arba'in da uku, duk gyaran sunan fayil ne, duk a layukan da ita ta rubuta. Bai taɓa tsarin na'urar ba ko kaɗan.

Ta same shi shi kaɗai, ta ajiye kwamfutar a gabansa.

"Karanta min. A fili, yadda ka saba."

Ya yi ƙasa da kai.

"Me ya sa?"

"Na ji abin da Baba ya ce wa tsohuwar nan. Na ga fuskarki. Ban iya ba, Walƙiya."

"Sai ka bari na zage ka? Ka bari Baba ya rufe maka ƙofa?" Ta matso kusa da shi. "Kai ne fa ka ce min mu ne ba ma tsayawa mu ji. To ranar nan kai ka toshe min kunne. Ka ɗauke ni yarinyar da ba za ta iya ɗaukar kuskurenta ba."

"Ban ɗauke ki haka ba."

"To yabon da Baba ya yi min, nawa ne ko aro ka yi min?"

Ta rufe kwamfutar, ta ɗauka, ta nufi kantin Baba.

Duk hanyar kanti tana jin tsoro. Ta san idan ta yi shiru, yabon Baba zai zauna a hannunta, ta rasa Sannu-Sannu. Idan ta faɗa, wataƙila a koma kiran aikinta danne-danne har abada. Sau biyu ta tsaya a bakin titi kamar ta juya.

Ta tarar da Baba shi kaɗai yana jera kwalabe. Ta faɗa masa komai a tsaye, ba ta rage ba, har da adadin wuraren.

Baba ya saurare ta har ta gama. Can ya ɗauko wani kwali yana juya shi a hannu.

"Ni in na ajiye magani a gurbin da ba nasa ba, zan same shi, don ni na ajiye. Wanda ya zo bayana kuwa rubutun jikin kanta zai bi, ba zai samu ba. Haka abin yake?"

"Haka yake, Baba."

"Ke nan taki na'urar ta saba da ke, tana rufa miki asiri. Waccan ba ta san ki ba." Ya ajiye kwalin. "Kira min shi."

Sannu-Sannu ya zo ya durƙusa ya gaishe shi. Baba bai ce ya tashi ba.

"Saurayi, ka yi min ƙarya a cikin kantina."

"Na yi, Baba. A yafe min."

"Na san tausayi ne ya sa ka. Amma dubi inda kake. A nan in aka yi kuskure ba a ɓoye shi, ko na 'yar cikinka ne, domin wanda bai ji ba bai gani ba shi zai haɗiye shi. Aure ma ba ya son irin wannan tausayin. In ta yi daidai ka faɗa mata, in ta kauce ka faɗa mata. Za ka iya?"

"Zan iya, Baba."

"Ban ji ba."

"Zan iya."

"To tashi. Ka ce wa iyayenka ina jiransu. Maganar ɗan aminina kuma ni zan je in ba mahaifinsa haƙuri."

Auta tana tsaye kamar an dasa ta. Ta kasa haƙuri, ta tambaya a hankali, "Baba, maganar da ka faɗa wa tsohuwar nan fa?"

Ya dube ta ta saman tabarau.

"Ranar nan na yi alfahari da abin da ban san kansa ba. Yau kin zo da ƙafarki kin ce ke kika yi kuskure, alhali ba mai kama ki. Wannan kam na san shi, don shi nake yi shekara talatin. Aikinki aiki ne, Auta."

Ta fashe da kuka, ba ta ma juya baya ba.

An ɗaura aure bayan wata huɗu. Baba ya sa rigar nan ta ranar Asabar, ya dafa kan angon ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa su zama masu faɗa wa juna gaskiya da taushin harshe. Jama'a suka amsa da amin, har da Dila, wanda ya fi kowa ɗaga murya.

A cikin gida kuwa yayyen Auta suna ta kai da kawo, mota tana jira a ƙofa, sai wayarta ta yi ƙara.

"Walƙiyata, yau kin zama matata. Na yi wa Baba alkawari, ga naki: ba zan sake rufe miki wani saƙo ba, mai daɗi ko mai ɗaci. Za mu karanta shi tare har ƙarshe. Ki taho a hankali, ina nan, kin san ni da jira."

"Auta!" Umma ta ƙwala kira daga tsakar gida. "Ke da kullum ke ce a gaba, yau ke ake jira?"

"Ina zuwa, Umma," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Bari in gama karantawa."