Robar Taya a Ƙarƙashin Sifirin

Ana saukowa daga Juma'a Saifuddeen ya jawo abokansa zuwa rumfar gyaran mota da ke bayan tashar Bagudo, don su ga sababbin shokozoba da aka ɗaura wa Golf ɗinsa jiya. Irin masu zobe ne, waɗanda ake murzawa a ɗaga mota ko a sauke ta yadda hanya ta buƙata. Ya durƙusa ya leƙa bayan taya, sai ya ga tsofaffinsa baƙaƙe sun koma mazauninsu. Sababbin nan masu ruwan ɗorawa babu su.

Kafin Sajan Ɗanmusa na 'yan sanda ya iso, direbobi sun riga sun yanke hukunci, don su ba sa jiran alƙali. Bunyaminu ne ya ɗaura, rumfarsa ce, saboda haka shi ne ɓarawo. Ciyaman ɗin direbobi ya ce in magariba ta yi ba a ga kayan ba, Bunyaminu ya kwashe sufanunsa ya bar tashar har abada.

Sajan ya fara da mai mota.

"Mi ya sa ka canza na da?"

"Sun kwanta, yallaɓai. In na ɗauko mutum shida da buhun albasa daga Tsamiya, taya har bodi take gogawa."

"Wa ya sayar maka da sababbin?"

"Hassan. Daga Benin ya shigo da su."

Aka kira Hassan mai kayan mota a waya. Tun hantsi yana kan iyaka yana jiran kaya, mutum uku suka karɓi wayar suka shaida. Sajan ya cire shi daga lissafi, ya juya ga Bunyaminu, wanda ke zaune kan tsohuwar taya, idanunsa sun yi ja.

"Ina ka aje tsofaffin bayan ka cire?"

"Can lungu. Kowa ya gan su."

"Don mi motar ta kwana nan?"

"Sai ta zauna kan ƙafafunta tukuna in sake auna tsayin. Da safe na auna, suna nan. Ƙarfe ɗaya na tahi masallaci."

Sajan ya cire hularsa ya miƙa wa ciyaman, ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar. Ya daɗe. Da ya fito, gefen rigarsa duk baƙin mai, ya kewaya motar yana sa yatsu tsakanin taya da bodi. Yatsu huɗu a dama, huɗu a hagu.

"Saifuddeen, ka ce sun kwanta. Ga mota tsaye cak."

Saifuddeen ya sunkuya ya duba.

"Akwai roba ƙarƙashin kowane sifirin," in ji Sajan. "Ita ta ɗaga motar. Daga taya aka yanko ta, yankan sabo ne. Jiya tana nan?"

"Babu," in ji Bunyaminu, ya sunkuyar da kai. "Ni na bar sa roba tun da na bar hannun maigidana."

"Wane ne maigidanka?"

Direbobin suka waiga gaba ɗaya zuwa rumfar da ke tsallaken hanya.

Baba Namadi na zaune kan benci, babu mota ko ɗaya a gabansa. Shekara talatin duk motar da ke bin ramukan hanyar Kurgu da Lafagu ta hannunsa take wucewa, robarsa kuwa har Benin an san ta. Shi ya koya wa Bunyaminu riƙe sufana. Yau layin motoci ya koma tsallake, shi kuma yana kallo tun safe har yamma, abin na cin sa.

"Baba, ina ka yi Juma'a?"

"Can garin Geza."

"Da mi ka tahi?"

"Da babur ɗina."

Sajan ya kalli babur ɗin. Kaza ta yi ƙwai biyu a kwalin da ke jingine da tayarsa, tayar kuma babu iska. Ya ɗauki wata taya da aka yanke gefenta, ya shinshina yankan, ya ajiye.

"Ɓarawon da ke son kaya zai kwance ya gudu, ya bar mota kan jak," ya ce. "Wanda ya mayar da tsofaffin so yake a ce Bunyaminu ya cuci mai mota. Har nan kowane maƙiyi zai iya. Amma wanga mutum ya tsaya ya yanka roba, ya daidaita dama da hagu, ya ɗaure kowane noti tamau, alhali liman na gab da sallamewa. Hannunsa ne ya ƙi yin mugun aiki. Don mi ka sa robar, Baba?"

Namadi ya dubi motar da ke tsallake.

"Mutane motar ke ɗauka," ya ce a hankali. "Motar da na taɓa ba ta kife da kowa ba."

"Ina kayan?"

Ya nuna buhunan da ke bayan benci. Aka jawo shokozoba biyu. Zoben ɗaya duk ya sha sara da cizal.

"Kishi nike, Sajan, ba zan ɓoye ba," in ji Namadi. "Yaron da na koya wa komai, yau direbobi na wuce ni suna gaishe ni kamar mai gadi. Na zauna da abin nan ina dukansa in ga yadda yake juyawa. Shekara talatin ƙarƙashin mota, ban gane ba."

Ciyaman ya dafa kafaɗar Bunyaminu ya ce rumfarsa na nan, ya yi haƙuri. Bunyaminu bai ko dube shi ba. Ya zo ya durƙusa gaban bencin, ya zaro wata sufana mai lanƙwasasshen baki daga aljihu, ya maƙala ta a zoben da bai lalace ba. Murzawa ɗaya, zoben ya juya.

"Da wagga ake yi, Baba," ya ce. "Wata shida tana aljihuna, kullum ina jiran ka tsallako ka tambaya."

Ya sa ta a hannun tsohon. Sajan ya karɓi hularsa, ya tsaya yana jira, don Namadi bai saki sufanar ba, yana ta murza zoben sama da ƙasa.