Ƙashin da ke Bayan Randa

Kwana da kwanaki ke nan Azumi ba ta iya haɗiye nama. Ko ƙanshin romo ta ji sai zuciyarta ta tashi. Ga kuma wata 'yar kwalba da ta ɓoye a bayan randa, ta rasa yadda za ta yi da ita.

Abin ya faro ne ranar da zemijan, wato ɗan acaɓa, ya kayar da 'yarta Kamila a unguwar Titirou ta Parakou, ƙashin ƙaurinta ya karye. Mijinta Badamasi, mahauci, ya rantse ba za a sa wa 'yarsa ƙarfe a lopital, wato asibiti, ba. Suka kai ta Pélébina, can wajen Djougou, gun wani mai ɗori. Mutumin ya kama baƙar kaza ya karya mata ƙafa a gabansu, ya ɗaure ta da karare yadda ya ɗaure ta yarinyar. Ya ce su koma da kazar gida Parakou, ranar da kaza ta taka Kamila ma za ta taka, amma kada wuƙa ta taɓa kazar.

Kaza ta taka, Kamila tana kwance. Badamasi ya ga ai ta gama aikinta, da ya yi baƙi 'yan tireda sai ya yanka ta, ya kawo a fige, bai faɗa wa kowa ba. Azumi ba ta gane ba sai da haƙorinta ya ci karo da ƙullin ɗori a cikin miya.

Ran nan da magariba gidan ya yi tsit. Sai ƙwas a kan kwanon rufin ɗaki. Sai wani kuma. Da Azumi ta haska, ba duwatsu ba ne, ƙasusuwa ne ɗanyu, da jini da ƙudaje. Kullum haka. Ƙafar Kamila ta kumbura, ruwa mai wari yana ratso tsumma, har uwar da ta haife ta sai ta toshe hanci da mayafi kafin ta shiga. Yarinyar ta daina magana, sai dai ta karkace wuya ta kalli mutum da ido ɗaya.

Aka ɗauko Malam Ukasha daga unguwar Ganou. Ya zauna nesa da warin, ya yi ta karatu har rana ta faɗi. Can Kamila ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Mai ɗori ya zaunar da ni cikin kaza in shanye ciwo. Kun cinye mini gida, har kuna tsotsar ƙashi."

Malam ya ce ta fita, jikin nan ba nata ba ne.

"Akwai guntun ƙashi a ƙafar nan, ya mutu. Nawa ne. A kai mini Pélébina a binne."

Malam ya ce shi ba ya ciniki da aljanu, ya ɗaga murya. Amma idon nan ɗaya ba shi yake kallo ba, Azumi yake kallo a bayansa. Azumi kuwa ta gyaɗa kai, a hankali. Kamila ta yi atishawa, ta ce, "Inna, ƙafata." Malam ya tashi ya ce nasa ya ƙare, saura na likita, kuma gobe a kai ta.

Likita ya ɗauki hoton ƙafar ya ce ƙashi ya ruɓe, kaɗan ya rage a yanke ta. Aka yi tiyata, aka kankare, aka cire guntun da ya mutu, aka sa ƙarfen da Badamasi ya ƙi tun farko. Azumi ta yi ta roƙon wata ma'aikaciya har ta ba ta guntun a kwalba. Toka-toka ne, duk huji, warinsa yana ratso murfi.

Yanzu Kamila ta fara dogara sanda. Malam ya ce in aka binne guntun an yi wa aljana hidima, gobe za ta nemi wanda ya fi wannan. Badamasi ya ce a jefa masai, kada ya ƙara jin zancen. Babu wanda ya san Azumi ta gyaɗa wa aljanar kai.

Jiya da magariba ƙashi ɗaya ya faɗo a kan kwano, Kamila ta karkace wuya.

Ku da kuka ji, don Allah, Azumi ta shiga motar Djougou da kwalbar nan, ko ta bar ta a bayan randa?