Sawun Hantsaki a Kwamfutar Alhaji Muhyiddin

Ana saukowa daga Juma'a Jinaidu mai gyaran rediyo ya janye bencin da aka gitta a ƙofar shago, ya leƙa cikin akwatin kwamfutar da yake haɗawa, ya ga wayam. Ƙwaƙwalwar na'urar da ya dasa da safe babu ita.

Kwamfutar ta Alhaji Muhyiddin ce, mai shagon buga takardu a bakin kasuwar Kontagora. A shekarar 1998 ne. Guntu-guntu aka kawo kayanta daga Legas, Jinaidu kuwa bai taɓa haɗa irinta ba. Kafin ɗan sandan da aka kira, Saja Haliru Mailafiya, ya jingine kekensa, Alhaji ya riga ya yanke hukunci. Wai Agatha ce, mai buga masa tafireta, tunda ita ake bar wa shago duk Juma'a, kuma tana tsoron na'urar ta raba ta da aiki. Shekara tara matar nan tana riƙe masa makulli, ko biro bai taɓa ɓata ba, amma ga shi yana kiranta ɓarauniya a gaban 'yan kasuwa. Idonta ya kaɗa.

Saja ba mai gaggawa ba ne. Ya sa Jinaidu ya kwatanta masa abin. Jinaidu ya ce bai fi kwalin ashana ba, ƙarƙashinsa allurai ne rawaya birjik, samansa kuma ya shafa masa wani farin mai kafin ya ɗora fanka. Cire shi ba wuya, akwai ɗan hannu a gefen gurbin, ana ɗagawa ya saki.

Saja ya duƙa. Ɗan hannun yana kwance, ba a taɓa shi ba. A bakin gurbin kuwa ga karce siri-siri, biyu-biyu.

Ya tambayi Agatha ko ta san aikin ɗan hannun. Ta ce ita ta karanta wa Jinaidu littafin Turancin da ya zo da kayan da safe, har ta gwada ɗagawa. Ta ƙara da cewa ta bar ƙofa na minti goma, ta kai Shadrach bakanike bayan shago wurin janareto. Aka kira Shadrach. Saja ya dubi hannuwansa, baƙi ƙirin da mai, ya dubi allon da gurbin yake kai fes, ya sallame shi.

"Malam Jinaidu, wa ka gaya wa alluran nan zinariya ce?" in ji Saja.

Jinaidu ya sosa ƙeya. Ashe da safe ya ɗan cika baki a gaban Lukuman maƙerin zinariya, mai shagon kusa, har ya ja masa kunne kada ya taɓa da hannu, wai wutar jikin mutum tana kashe ta.

Lukuman ya tarbi Saja da fara'a, ya rantse yana sahun gaba a masallaci. Saja bai musa ba. Ya ɗauki ƙaramin hantsakin da ke kan tabarma, ya goga bakinsa a baƙar hularsa ta aiki. Farin mai ya fito ɗoɗar. A kan dutsen gwajin zinariya kuma ga sabon zane rawaya.

"Agatha ta san ɗan hannun, da ɗagawa za ta yi," in ji Saja a hankali. "Da Shadrach ne, da ya bar baƙin mai. Wanda ya ɓamɓaro ƙwaƙwalwar bai san hannun ba, kuma yana tsoron taɓawa, sai ya sa abin sana'arsa. Ina take?"

Lukuman ya zaro ta daga gwangwanin taba, naɗe a auduga. Abin takaici, wai shi aka cuta, don da ya gwada ya tarar ruwan zinariya ne kawai, ko ɗan kunne ba zai yi ba. Saja ya tasa ƙeyarsa zuwa caji ofis.

Allura biyu suka lanƙwashe. Jinaidu ya miƙe su da wannan hantsakin, gumi na zuba. Ran Litinin aka kunna, kwamfuta ta yi ƙara ɗaya, rubutu ya bayyana. Alhaji, cike da kunya, ya ja wa Agatha kujera, ya ce ita za ta fara.

Ta zauna, ta buga layi huɗu, injin bugawa ya turo takarda, ta sa hannu.

"Ga shi, Alhaji. Na gode da zama."

Takardar barin aiki ce. Ta ɗora makullin shago a kai, ta ɗauki jakarta.