Barandar da Na Zana a Lungun Baba Jatau

"Ku matso kusa," in ji Yaya Tanimu, ɗan wan babanmu, bayan an kwashe kwanukan tuwo. "Hinde, rage fitilar nan. Na yau ba labarin wani ba ne, nawa ne. Kar wanda ya kalli fuskata."

Muka matso. Ya fara.

A lokacin ina zanen allunan shaguna a Zariya, a hannun wani dattijo, Baba Jatau. Shi ya koya mini riƙe buroshi. Shekara tara ina cin abincin gidansa. Daga baya yanar ido ta fara rufe masa gani, aiki ya dawo hannuna.

Wata rana na tsinci wani tsohon littafi wajen 'yan gwanjo a Sabon Gari. Zanen mutanen ƙasar Holan ne na zamanin da. Cikin gida suke zanawa a kan allo, amma in ka duba sai ka rantse za ka iya shiga. Ƙofa cikin ƙofa. Daɓe baƙi da fari yana ta ƙanƙancewa har ya ɓace. Na zauna ina kwaikwaya da hannuna har na iya. Masu otal suka fara saye. Sai girman kai ya shige ni.

Bayan shagonmu akwai lungun da ba ya ɓullewa. Na share bangon ƙarshensa, na zana doguwar baranda daidai tsayin mutum. Kwana goma sha ɗaya na yi a kanta. Ga tsintsiya a jingine, ga kare zaune a bakin ƙofa ta biyu. Ni da abokaina sai mu zauna a benci muna jiran baƙon da zai yi karo da bango, mu kwashe da dariya.

Ran nan sai ga Baba Jatau da sandarsa, zai tafi masallaci.

Na ce, "Baba, ai an fasa sabuwar hanya ta nan. Ta fi kusa."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Ya tafi kai tsaye. Mun ji ƙarar goshinsa. Hula ta faɗi, jini ya zubo. Abokaina suka fashe da dariya. Ni ma na yi. Wallahi na yi.

Bai yi faɗa ba. Ya shafa bangon da tafin hannu, ya sunsuna yatsunsa. Ya ce, "Aikin ya yi kyau, Tanimu." Ya lalubi hularsa ya juya.

Washegari da tsakar rana ina shago ni kaɗai. Lungu ba kowa, ko kaza. Sai na ji an ce, "Kai ne mai ƙofar?"

Mutum ne cikin toka-tokar riga, tsaye dab da ni. Amma muryar daga nesa take zuwa, kamar daga ƙasan rijiya. Na dubi ƙasa. Ƙafafunsa ba su da kauri. Shafaffu ne kamar takarda, kuma ba inuwa a ƙarƙashinsu.

Na ce, "Ni ne."

"Ka buɗe mana ƙofa, ba ka shigo gaisuwa ba. Shige gaba."

Ƙafafuna suka bi umarninsa ba da sona ba. Na isa bango. Na runtse ido ina jiran karo. Sai na ji sanyin daɓe a tafin ƙafata.

Warin ɗanyen fenti ko'ina. Karen bai motsa ba, idonsa kawai ke bi na. Ƙofa ta biyu sai da na sunkuya. Ta uku na durƙusa. Ni na zana su, kowace ta fi ta bayanta ƙanƙanta. Ta huɗu da rarrafe na shiga, ta biyar da jan ciki, bango na matse kafaɗuna.

Na ce, "Ina mafita?"

Ya ce, "Kai ka zana. Ka zana mafita?"

Ban zana ba.

Sai dariya ta taso daga bayana. Na san ta. Tawa ce, ta jiya, sak. Tana ta yi ba ta tsayawa. Na nemi addu'a a bakina na rasa, harshe ya yi nauyi. Na kifa fuska a daɓe ina kuka, ba don tsoro kaɗai ba.

Can sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sanda ce a jikin bango.

"Tanimu! Ga takalmanka a nan. Kana ina?"

Baba Jatau ne. Na ji ya fara Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Bangon ya ɗan saki kafaɗuna. Na soma ja da baya, ina bin muryar. Mai toka-tokar riga ya ce a kunnena, "Je ka. Na ba ka tsaraba."

Na farka kwance a gindin bango, ana kiran La'asar. Tsohon na tsaye a kaina, goshinsa a naɗe da ƙyalle. Ashe bokitin farar ƙasa ya ɗauko zai shafe zanen, kar wani ya ji ciwo.

Na ce, "Baba, jiya na..."

Ya ce, "Tashi ka shafe ta sama. Hannuna ba ya kaiwa."

Na sa hannu zan ɗauki bokitin, sai na damƙi iska. Ita ce tsarabar. Tun daga ranar idona ba ya bambance kusa da nesa. Ban sake zana komai ba. Sau uku na je gidansa in roƙi gafara, sau uku na tsaya a ƙofa na koma. Na huɗun gaisuwar mutuwarsa na je.

Yaya Tanimu ya miƙa hannu wajen kofin ruwa, ya wuce shi, ya dawo yana lalube. Hinde ta tura masa a hankali, ba ta ɗaga kai ba.

Ya ce, "An shafe bangon sau bakwai. Duk damina ƙofar sai ta fito. In kun je Zariya kuka ga lungu ya buɗe inda kuka san ba hanya, kar ku bi ku kaɗai, ko da rana tsaka ce. Ku tashi ku shiga ciki."