Wasiƙun Mai Bishara

Sufeto bai gama ajiye hularsa a kan tebur ba Saje ya leƙo ya ce akwai wani lauya a kanta, ya zo da rahoton sata, kuma ya ce sai da mai ofis zai yi magana.

Lauya ya shigo ya zauna tun kafin a nuna masa kujera. Ya ce ba kuɗi aka ɗauka ba, ba gwal ba, wasiƙu ne. Kakansu mai bishara ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin ƙauyuka a kan keke, yana wa'azi yana koyar da karatu, duk inda ya yada zango sai ya rubuto wa matarsa. Matar ta tara su ta bar wa ɗanta, shi kuma ya damƙa su ga babbar 'yarsa, yayar Lauya, wata tsohuwar nas da kowa a dangi yake kira Goggo. An shirya dangi na kusa da na nesa za su hallara a ɗauki hoton kowace wasiƙa a raba wa jikoki. Sai ga shi Goggo ta dawo daga coci ta tarar da tagar ɗakinta a buɗe, akwatin da take ajiye su kuma ba ko wasiƙa ɗaya a ciki.

"Akwai wanda kuke zargi?"

"Ɗan marigayi wanmu. Dogo ake ce masa, makanike ne. Ka duba fayilolinku, ba baƙonku ba ne."

Sufeto ya sa aka duba. Dogo ya taɓa zaman gidan yari kan satar batirin mota. Nan take ya tura Saje ya je gareji ya kamo shi, alhali shi kansa ko ƙofar gidan da aka yi satar bai gani ba.

Sai daga baya ya bi Lauya zuwa gidan. Goggo 'yar ƙaramar tsohuwa ce, gilashinta a rataye da igiya a wuyanta. Ta kai su ɗakinta. Gado, sif ɗin kaya, da tebur kusa da taga, a kansa akwatin ƙarfe a buɗe. Sufeto ya ɗauki kwaɗon ya juya shi. Ko ƙwarzane babu. Ya leƙa cikin akwatin, ya ga agogon aljihu na azurfa da ɗan gicciye na katako a kwance a kusurwa.

Ya tambayi ta yaya ɓarawo zai bar agogo ya kwashi takarda. Lauya ya ce akwai masu sayen tsofaffin takardu da tsada, kuma Dogo ya sha jin ana faɗar haka a gidan. Makulli kuwa, a cikin Littafi Mai Tsarki na Goggo yake zama, duk wanda ya tashi a gidan ya sani.

"A gidan nan ya tashi?"

"Ita ta raine shi tun yana rarrafe," in ji Lauya. "Ga sakayya nan ta gani."

Da Sufeto ya ce ai Dogon yana hannu, Goggo ta dafa bakin gado ta zauna.

A ofis Sufeto ya tarar da Dogo a zaune a ƙasa, leɓensa a kumbure. Saje ya ce gardama ya yi wurin shiga mota. Sufeto ya san irin wannan gardamar, ya dai kau da kai.

Da farko Dogo ya ce ya daɗe bai taka gidan ba. Sufeto ya gaya masa wata maƙwabciya ta gan shi yana shiga kwanan nan. Sai ya tambaya ko Goggo ce da bakinta ta ce an yi sata. Aka ce masa ita ce.

"To, ni ne."

"Ina wasiƙun?"

"Na sayar."

"Wa ka sayar wa?"

"Wani mutum. Ban san sunansa ba."

"Yaya ka buɗe akwatin?"

"Guduma na sa na fasa kwaɗon."

Saje ya riga ya jawo takardar jawabi yana murmushi, aiki ya yi sauƙi. Sufeto ya ɗora hannu a kan takardar. Ya dubi leɓen yaron, sai ya ji ba ya iya ci gaba da kallonsa. Ya ce a kawo masa ruwa, kada kowa ya sake taɓa shi, ya ɗauki hularsa ya fita.

Bayan azahar ya koma gidan. Lauya yana falo yana waya, yana sanar da dangi an kama ɓarawo. Sufeto ya roƙi Goggo ta nuna masa inda akwatin yake zama. Ta ce nan kan tebur, ko da yaushe.

Ya ɗaga akwatin. Gindinsa ya yi tsatsa, sabuwa, har tana shafar yatsa, amma mayafin teburin fari tas. Ya jawo kujera ya taka ya leƙa saman sif. A can ya ga shaidar tsatsa daidai faɗin akwatin, bangon da ke bayanta kuma ya yi taswirar ruwa tun daga rufi, da facin siminti wanda bai gama bushewa ba.

Lauya, da ya shigo lokacin, ya ce bututun banɗaki ne ya fashe a cikin bango kwanakin baya, an riga an gyara. Ya ƙara da cewa shi dai ya sha roƙon yayarsa ta ba shi akwatin ya ajiye a ofishinsa, ta ce muddin tana numfashi ba mai raba ta da shi.

Sufeto ya sauko. Tun zuwansa na farko ya lura da sabon dutsen guga a kwalinsa a bakin ƙofa. Ya tambayi ina tsohon. Goggo ta ce ya lalace ta yar. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado, ya miƙa hannu ya jawo shi ta igiyarsa. Fuskar dutsen ta yi baƙi, guntayen takarda sun manne a jiki, da shuɗin tawada a gefe.

Ya ajiye shi a kan tebur a hankali.

"Mama, Dogo ya amsa laifi. Ya ce shi ya sata. Da irin tarihinsa, in ya shiga kotu ba zai kwana a gida ba."

"Ya ce shi ne?"

"Ya ce shi ne."

Goggo ta cire gilashinta ta riƙe a hannu. Sai ta tashi ta ɗaga katifa, ta zaro wani ƙunshi a cikin rigar matashi, ta kwance. Wasiƙun ne, sun manne sun zama dunƙule ɗaya mai tauri, gefensu a ƙone, rubutun ya narke ya zama shuɗin tabo. Nan da can ake iya tsintar kalma.

Ta yi bayani muryarta ba ta rawa, kamar mai ba likita rahoton marar lafiya. Ta daɗe tana ganin damshi a bangon, Dogo ma ya ce ta sauke akwatin, tana cewa gobe. Ranar da ta sauke shi ruwa ya riga ya shiga. Tsoro ya kama ta, maimakon ta kira wani sai ta kunna dutsen guga don ta busar da wasiƙun. Ta farko ta ƙone, ta biyu tawadar ta bi zafi ta watse, amma ta ci gaba, tana cewa ta gaba za ta tsira. A haka Dogo ya shigo ya same ta a durƙushe. Ta sa ya yi mata alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba. Da taron dangi ya matso, ta buɗe taga ta tafi coci. A zatonta 'yan sanda za su rubuta rahoto su manta.

"Da ya ambaci sunan Dogo a nan gida, kafin ya je wurinku, ina tsaye," ta ce, tana nuna ƙaninta. "Ina ji. Kalma ɗaya ta isa, ban faɗa ba. Baba ya zaɓe ni a cikinmu duka ya ce ni ce mai riƙon amana. Na kasa jure ku kalle ni ku san ni na ƙona su."

Lauya ya ɗauki dunƙulen da hannu biyu, ya zauna a bakin gado. Ya ce ya janye ƙara, a bar abin a cikin gida.

Sufeto ya ce lalacewar wasiƙu ba aikin 'yan sanda ba ne, amma rahoton ƙarya nasu ne, kuma akwai mutum a bayan kanta saboda shi. Dole ta je ta ba da jawabi, sauran kuma na sama da shi ne za su yanke. Yana faɗa yana jin nauyin maganar a bakinsa, don ya san ba ita kaɗai ta kai yaron can ba.

Goggo ba ta musa ba. Ta ɗaura ɗankwali, ta sa takalmi, ta riga shi zuwa mota.

A ofis Sufeto ya karɓi makulli daga hannun Saje ya buɗe ƙofar da kansa. Ya ce wa Dogo ya fito, an gama da shi. Ya ƙara da cewa shi da kansa ya sa aka kamo shi tun bai binciki komai ba, ya yi haƙuri. Dogo ya gyaɗa kai kawai, idonsa yana kan bencin da ke bakin kanta, inda Goggo take zaune, hannuwanta a cinya.

Ta yunƙura za ta durƙusa a gabansa, ya riga ta, ya riƙe kafaɗunta ya mayar da ita kan benci.

"Goggo, kin sha maganin hawan jininki yau?"

Ta girgiza kai. A nan ne kukan ya ƙwace mata.

Dogo ya juya ya tambayi Sufeto ko jawabin zai ɗauki lokaci. Sufeto ya ce zai ɗan ɗauka. Dogo ya ce to, zai je gida ya ɗauko mata maganin ya dawo, kada a fara sai ya zo.

Sufeto ya mayar da murfin bironsa, ya ce za su jira.